Baƙo Ya Maƙale a Zaure: Amsoshin Wasiƙunku Kan Taron Intanet

Yawancin wasiƙun da suka zo wa wannan fili a watan nan kukansu ɗaya ne. An shirya gabatar da jawabi kai tsaye ta intanet, an aika wa mutanen waje linki, 'yan gida sun shiga lafiya lau, baƙi kuwa ko dai an tsare su a bakin ƙofa, ko sun shiga amma an hana su taɓa takardun da ake nunawa. Mun tsamo guda bakwai, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili. Inda kuka ga mun rubuta sunan wani maɓalli da Turanci, mun yi haka ne don shi za ku tarar a fuskar kwamfuta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta, kuma ni ke shirya taron rahoton wata uku-uku ta Microsoft Teams. A taron da ya wuce na aika wa mutum 3 na waje linki iri ɗaya da wanda na ba abokan aikina. Na farko mai imel na Gmail ne, aka ce masa sai ya shiga da asusu. Ta biyu ta zauna tana jira har ta gaji ta fita. Na uku kuwa tuni ofishinmu ya yi masa rajistar baƙo, amma shi ma bai tsira ba. Linki ɗaya ne fa, me ya bambanta su?
Wata ma'aikaciya, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Linki kwatancen gida ne kawai. Zai kai mutum har ƙofa, amma buɗewar ta danganta da matsayin da Teams ta ba shi a daidai lokacin da ya danna.

Mutanen waje kashi uku ne a wurinta. Akwai baƙon rajista, wanda ma'aikatarku ta gayyata aka buɗe masa gurbi a kundin sunayenta, wato Microsoft Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure Active Directory. Shi ne za ki ga an liƙa wa sunansa kalmar "Guest". Akwai maƙwabci, wato ma'aikacin wata ma'aikata da ita ma take amfani da Microsoft 365, kuma admin ɗinku, wato mai kula da saitin kwamfutocin ma'aikatarku, bai toshe hulɗa da ita ba. Shi ba ya cikin kundinku, amma an san gidansu. Sai baƙon da ba a sani ba, wanda ya danna linki, ya rubuta sunan da ya ga dama, ya nemi shiga. Duk wanda bai faɗa cikin biyun farko ba nan ake jefa shi, ko da shugaban wani hamshaƙin kamfani ne, matuƙar bai shiga da asusunsa ba ko ba a amince da ma'aikatarsa ba.

Mai Gmail ɗin nan yana kashi na uku, kuma saƙon da ya gani alama ce ta cewa ma'aikatarku ta rufe wa irinsu ƙofa. Wannan ba ya hannunki. Makunni biyu ne, duk a shafin admin na Teams: ɗaya na ma'aikata baki ɗaya, ɗaya kuma a cikin ƙa'idar taro da aka ɗora wa ke mai shiryawa. Sunansu kusan ɗaya ne, "Anonymous users can join a meeting", kuma sai dukansu suna kunne baƙon da ba a sani ba zai wuce. In aka kashe ko da guda, shi ke nan. Mafita biyu ce: ko admin ya kunna miki, ko a yi wa mutumin rajistar baƙo da wannan imel ɗin nasa na Gmail, domin rajistar baƙo ba ta buƙatar imel na kamfani.

Ta biyun ta wuce ƙofar waje, a zaure ta maƙale. Zauren nan shi ake kira "lobby", kuma shi kam yawanci yana hannunki. Ki buɗe taron a kalandarki, ki shiga "Meeting options", ki duba layin da ke tambayar wa zai wuce ba tare da ya tsaya a zaure ba. Zaɓin ya tashi daga kowa da kowa, ya biyo ta 'yan ma'aikata da baƙin rajista da maƙwabtan da aka amince da su, ya sauko har zuwa ke kaɗai da mataimakanki. Wanda aka tsare yana bayyana a jerin mahalarta, sai wani daga ciki ya danna masa izini. Abin da ke faruwa shi ne mai shirya taro ta fara magana, shafukanta sun cika mata fuskar kwamfuta, sanarwar mai jira ta fito ta ɓace ba ta gani ba. In aka yi rabin awa ba a kula shi ba, Teams da kanta take sallamarsa. Maganin wannan ba na fasaha ba ne: ki naɗa mutum ɗaya mataimakin mai shiryawa tun kafin ranar, aikinsa tsaron ƙofa kawai. Ki kuma sani ko kin zaɓi kowa ya wuce, a tsarin asali baƙon da ba a sani ba ba ya iya buɗe taro da kansa. Zai jira har wani sananne ya shigo. Don haka ki riga baƙinki zuwa da minti 10.

Na ukun shi ne mai ban haushi, don an yi komai daidai. Baƙon rajista yana da riga biyu: ta ma'aikatarsa da ta baƙuncin ma'aikatarku. In ya danna linki yana sanye da ta gidansu, ko bai shiga da kowane asusu ba, Teams ba za ta kalle shi a matsayin baƙonku ba. Ya danna hotonsa da ke saman manhajar, ya zaɓi sunan ƙungiyarku daga jerin da zai gani, ya jira ta juya, sannan ya danna linkin. In sunan ƙungiyarku bai fito a jerin ba, to bai karɓi gayyatar ba tun farko. Ya nemi imel ɗin gayyatar, har cikin akwatin tarkacen saƙonni, ya danna wurin amincewa.

Abu na ƙarshe: in kika ga wani zaɓi ya yi toka-toka ba ya dannuwa, admin ne ya kulle shi. Kuma canjin da admin ya yi kan ɗauki lokaci kafin ya kankama, wani zubin har awa 24. Kada ki je masa da safiyar ranar taro.

Tambaya: Ɗalibinmu ya kare kundin bincikensa ta Teams. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ga shafukan PowerPoint ɗin sarai, har yana komawa baya da kansa. Amma da muka saka fayil ɗin a wurin hira sai ya ƙi buɗe masa, haka ma bidiyon zaman da muka naɗa. Yaya mutum zai ga abu da idonsa amma a ce ba shi da izinin buɗe shi?
Wani malamin jami'a, Zariya

Amsa: Malam, ƙofar taro daban, ƙofar fayil daban, kuma masu gadinsu ma daban ne. Abin da baƙonku ya gani a lokacin zaman shi ne PowerPoint Live. Tana nuna wa duk wanda ke cikin taro shafukan, tana barinsa ya yi gaba ko baya, sai fa in mai gabatarwa ya danna 'yar alamar ido da ke hana hakan. Wannan aron kallo ne, yana ƙarewa da ƙarewar taro. Fayil ɗin kansa yana zaune a OneDrive, ma'ajiyar fayil ta wanda ya ɗora shi, ko a SharePoint, ma'ajiyar haɗin gwiwa ta ma'aikata, in taron na cikin tashar wata tawagar Teams ne, kuma can dokar rabon fayil ce ke aiki.

Dokar tana da hawa huɗu, admin ke zaɓar ɗaya wa ma'aikata. Mafi sassauci shi ne "Anyone", inda duk mai riƙe da linki zai buɗe ba tare da an tambaye shi ko wane ne ba. Na biye shi ne sababbin baƙi da tsofaffi, inda za a iya aika wa kowa amma sai ya tabbatar da kansa. Na uku tsofaffin baƙi kaɗai, wato waɗanda sunansu ke cikin kundi tun tuni. Na huɗu 'yan gida zalla. Ƙa'idar da za ka riƙe ita ce ta ƙasa ba ta fin ta sama sassauci. OneDrive ba zai wuce hawan da aka sa wa SharePoint ba, kowane rukunin SharePoint ("site") kuma ba zai wuce na ma'aikata ba. Inda biyu suka saɓa, mai tsauri ke cin nasara.

Ko da jami'arku ta yarda da rabawa waje, akwai wani ramin. Linkin da manhaja ke fara miƙo maka sau da yawa shi ne na "mutanen ma'aikatarku masu riƙe da linki". Wannan ba ya buɗe wa ɗan waje, ba ya ma buɗe wa baƙon rajista. Mutane da dama sun ɗauka tunda an yi wa mutum rajista ya zama ɗan gida. A wannan linkin bai zama ba. Ga yadda za ka yi:

1. Buɗe OneDrive a burauza. Fayilolin da aka jefa a hira suna cikin jakar "Microsoft Teams Chat Files", bidiyon taro kuma a jakar "Recordings".
2. Zaɓi fayil, danna "Share", sannan ka danna alamar saitin linki.
3. Zaɓi "People you choose", ka rubuta imel ɗin malamin daidai yadda yake amfani da shi.
4. Mai da izinin ya zama na kallo kawai. In akwai zaɓin hana saukewa kuma kundin bai fita ba tukuna, kunna shi.
5. Aika. Shi kuma in ya danna, ko dai ya shiga da asusun jami'arsa, ko a turo masa lambar tabbatarwa ta imel ya rubuta.

In a mataki na 3 aka ce maka dokar ma'aikata ba ta yarda a raba wa wannan mutumin ba, ka iso bangon admin, ba sauran dabara daga wajenka.

Game da bidiyo, 'yan gidan da aka gayyata suna samun izinin kallo kai tsaye, baƙi da 'yan waje ba sa samu, sai an raba musu da hannu kamar yadda muka zayyana. Ka kuma lura bidiyon taro yana da wa'adi. Tsarin asali kwana 120 ne, bayan haka ya tafi kwandon shara, sai in admin ya canza adadin ko mai bidiyon ya tsawaita. Zaman kare kundi abu ne da za a iya nema bayan shekara, saboda haka ka cire masa wa'adin tun yau.

Tambaya: Ni ne mai kula da kwamfutoci a wani ƙaramin kamfani mai ma'aikata kusan 60. Maigidana ya gaji da ƙorafin abokan ciniki, ya ce in buɗe komai kowa ya shiga. Zuciyata ba ta kwanta ba. Akwai tsaka-tsaki?
Wani ma'aikaci, Kaduna

Amsa: Akwai, Malam, kuma zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Oga yana da hujja shi ma: kamfanin da abokin ciniki ba ya iya shiga taronsa yana korar kasuwa ne. Amma cikin mutum 60 da wuya a sami 10 da ke shirya taro da mutanen waje. Su za ka buɗe wa.

A ɓangaren taro, ka bar makunnin ma'aikata baki ɗaya a kunne, ka kashe shigar baƙin da ba a sani ba a ƙa'idar gama-gari mai suna "Global", sannan ka ƙirƙiri sabuwar ƙa'idar taro inda yake kunne, ka ɗora ta wa waɗancan mutanen kaɗai. A cikinta ka sa zaure ya tsare duk wanda ba ɗan gida ko baƙon rajista ba, ka kuma sa ikon gabatarwa ya fara daga mai shiryawa da mataimakansa. Wannan na biyun mutane kan raina shi. In aka bar shi a kowa, duk wanda ya shigo yana iya nuna fuskar kwamfutarsa, ya kashe wa wasu makirufo, har ya fitar da mutum daga taro.

A ɓangaren fayil aikin ya fi son natsuwa, saboda ƙa'idar nan ta cewa na ƙasa ba ya fin na sama. In kana son rukuni ɗaya ya iya rabawa waje, dole ka ɗaga hawan kamfani baki ɗaya zuwa wannan matsayin, sannan ka bi sauran rukunan ka tabbatar kowanne yana inda ya dace. Rukunin albashi, na kwangiloli da na takardun ma'aikata su tsaya a 'yan gida zalla. Kada ka ɗauka suna can. Rukunin da aka buɗe tare da tawagar Teams yakan zo ne da izinin baƙi tun asali. Ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Sai ka buɗe rukuni guda, ka sa masa suna da kowa zai gane, misali "Na Waje", ya zama duk abin da za a nuna wa abokin ciniki can ake kwafa shi.

Shawararmu ita ce ka tsaya a hawa na biyu, sababbin baƙi da tsofaffi. Linkin "Anyone" ba ya tambayar suna, don haka in ya faɗa wani zauren WhatsApp ba za ka taɓa sanin wa ya buɗe ba. In oga ya nace sai da shi, ka sa masa wa'adi, kwana 7 ko 14, ka kuma taƙaita shi ga kallo. A shafin saitin rabon fayil akwai wasu makunni uku masu amfani: na taƙaita rabawa ga wasu sunayen kamfanoni, wato abin da ke bayan alamar @ a imel, na ba wa wasu zaɓaɓɓun ma'aikata ("security group") kaɗai ikon rabawa waje, da na ƙarewar izinin baƙo bayan wasu kwanaki. Na ƙarshen nan shi ke share maka ɗan kwangilar da aikinsa ya ƙare tun bara amma har yanzu yana leƙa jakarku.

Sai ka leƙa Entra ID, sashen hulɗa da na waje, inda ake zaɓar wa ke da ikon gayyato baƙo. In ba a taɓa shi ba, za ka tarar har baƙo yana iya gayyato wani baƙon. Sauko da shi. A nan ma akwai jerin kamfanonin da aka yarda da su ko waɗanda aka hana, amma ɗaya za ka zaɓa, ba a haɗa jerin biyu. Kafin ka ce wa oga an gama, ka gwada da imel ɗinka na kanka a wayarka, kana kan datarka, ba kan intanet ɗin ofis ba.

Tambaya: Wata ƙungiya a Faransa ta yi mini rajistar baƙo don in halarci horon da suke yi kai tsaye. Duk sanda na danna sai wani dogon saƙo ya fito mai lamba AADSTS50020. Sun ce daga wajensu komai daidai ne.
Wani mai karatu, Maraɗi

Amsa: Mai yiwuwa gaskiya suka faɗa, Malam. Ma'anar lambar nan ita ce asusun da ka zo da shi ba ya cikin kundinsu. Kusan kullum dalilin shi ne burauzarka ta riƙe wani asusun daban, na wurin aikinka ko wani tsohon Hotmail, ta miƙa shi ba tare da ta tambaye ka ba. Ka buɗe tagar sirri, wadda Chrome ke kira "Incognito", Edge kuma "InPrivate", ka liƙa linkin a can, ka rubuta ainihin imel ɗin da gayyatar ta zo ta kansa. In kana da imel biyu da ke zuba a akwati ɗaya, duba layin wanda aka aika wa a saman wasiƙar, shi ne sunanka a wurinsu. In an turo maka lambar shiga ta imel, minti 30 take yi ta mutu. In sabis ya jinkirta ta, nemi sabuwa, kuma ta ƙarshe da ta iso ita za ka rubuta.

In lambar da ka gani ta koma AADSTS53003, zance ya canza. An gane ka, amma wani sharaɗin tsaro nasu ya tare ka: wataƙila sun taƙaita ƙasashen da ake shiga daga cikinsu, ko suna son na'urar da ma'aikata ke kula da ita. Wannan admin ɗinsu kaɗai zai warware. Ka ɗauki hoton saƙon gaba ɗaya, har da dogayen lambobin ƙasa da lokacin da abin ya faru, ka aika musu, da su zai binciko sharaɗin da ya kama ka. Akwai kuma hali na uku da ba a cika tunawa da shi ba: in da imel ɗin wurin aikinka aka gayyace ka, ma'aikatarka ma tana da ikon hana ma'aikatanta zama baƙi a wani wuri. A nan mai masauki ya buɗe ƙofa, gidanku ne suka hana ka fita.

Tambaya: Makarantarmu na amfani da Google Workspace. Mun so iyaye su kalli bikin yaye ɗalibai kai tsaye, muka kunna yaɗawa a Google Meet muka raba linkin. Malamai sun gani, iyaye ko ɗaya bai gani ba.
Wata shugabar makaranta, Jos

Amsa: Hajiya, haka aka gina shi. Yaɗawar cikin gida ta Meet ta masu imel ɗin makarantarku ce. Admin na iya ƙara wasu ma'aikatun da ke kan Workspace cikin amintattu, har guda 50, amma uba mai Gmail na kansa ba ma'aikata ba ne, ba inda za a rubuta shi. Don taron jama'a irin wannan hanyar ita ce YouTube. In nau'in Workspace ɗinku na da damar kuma admin ya kunna, daga cikin Meet ɗin za a tura taron zuwa tashar makaranta. Ku sa bidiyon a matsayin "Unlisted" don kada ya fito wa mai bincike, amma ku sani duk wanda aka tura wa linkin zai kalla. Tashar da ba ta taɓa yaɗa abu kai tsaye ba sai an tabbatar da ita da lambar waya, kuma kunnawar farko kan ɗauki har awa 24, don haka a yi wannan mako guda kafin biki.

In kuwa ƙaramin zama ne da ake son iyaye su yi magana, taron Meet na yau da kullum za ku yi. A saitin mai masauki akwai hawa uku: "Open", kowa da linki ya shiga; "Trusted", 'yan gida da waɗanda aka gayyata ta kalanda su wuce, saura su ƙwanƙwasa; "Restricted", wanda ya fi su tsauri, don waɗanda aka gayyata da suna. Sama da wannan akwai saitin tsaro na admin, wanda zai iya cewa sai mai asusun Google, ko ma sai ɗan makaranta kaɗai. Adadin mutanen da taro ke ɗauka ya danganta da nau'in Workspace: ƙananan nau'o'in kasuwanci 100 ne da 150, na sama da su 500 ko 1,000.

Masu Teams da ke da irin wannan buƙata su lura da bambanci ɗaya. Taron yau da kullum na ɗaukar mutum 1,000 masu iya magana. Abin da ya wuce haka aikin "town hall" ne, wato babban taron da yawancin mahalarta kallo kawai suke yi, wanda aka fito da shi a 2023, yana ɗaukar 10,000, masu kallo kuma suna bayan mai magana da 'yan daƙiƙu. A town hall, in aka ce na ma'aikata ne, baƙin rajista na ciki. A "webinar" kuwa, wato taron da sai an rubuta suna kafin a halarta, in aka taƙaita shi ga ma'aikata, baƙin rajista na waje. Kalma ɗaya, hukunci biyu.

Tambaya: Zoom ta ce mini taron na waɗanda aka ba izini ne kawai, alhali ina da linki da lambar sirri.
Wani ɗan kasuwa, Kumasi

Amsa: Alhaji, mai taron ya kunna sharaɗin sai wanda ya shiga da asusu. Iri biyu ne. In kowane asusun Zoom aka ce, ka buɗe na kyauta, ka shiga cikinsa a manhajar tukuna, sannan ka danna linki. In kuwa an taƙaita ga masu imel na wani kamfani, asusunka ba zai yi ba. Mai taron ya gyara taron, ya sa sunanka da imel ɗinka a wurin keɓewa da ke ƙarƙashin wannan sharaɗin, in admin ɗinsu ya bar damar a buɗe. Za a turo maka linki naka na kanka. Kada ka ba wani.

Tambaya: Admin ɗinmu ba ya amsa saƙo da wuri. In taro ya matso, wani lokaci mukan ba baƙo imel da kalmar sirrin wani abokin aiki ya shiga da su, ko mu buɗe taron da asusun wani na kansa. Aiki dai yana tafiya. Akwai laifi?
Wani jami'in shirye-shirye, Sakkwato

Amsa: Akwai, Malam, kuma na farkon ya fi muni nesa ba kusa ba. Kalmar sirrin da ta buɗe Teams ita ce ke buɗe imel ɗin mutumin, da OneDrive ɗinsa, da duk rukunin da yake ciki. Kun ba baƙo makullin gida gaba ɗaya don ya zauna a falo na awa guda. Duk abin da ya buɗe ko ya sauke, sunan abokin aikinku ne zai fito a rajistar, shi zai amsa tambaya. In kuma akwai tabbatarwa ta waya, sai mai asusun ya danna amincewa ga shigar da ba tasa ba, wanda shi ne ainihin halin da 'yan damfara ke fatan ma'aikaci ya saba da shi.

Buɗe taro da asusun mutum na kansa bai kai wannan ba, amma yana da nasa. Bidiyo, jerin mahalarta da hirar duk suna komawa hannun mutum ɗaya, ranar da ya bar aiki ya tafi da su. In a cikin shafukan akwai sunayen mutane, lambobin waya ko bayanan lafiyar waɗanda kuke yi wa hidima, to kun fitar da bayanan da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa ma'aikatarku alhakin tsarewa. Ga kuma iyakar na kyauta: Zoom na yanke taro a minti 40, Meet kuma a minti 60 in mutum 3 ne ko fiye.

Abin da zai raba ku da wannan shi ne ku sauƙaƙa wa admin aikinsa. Saƙon "baƙi ba sa iya shiga, a taimaka" ba ya gaya masa komai, shi ya sa yake ajiye shi gefe. Ku aika masa kwana 3 kafin taro da abu biyar: ranar taro da sunan mai shiryawa, cikakken imel na kowane baƙo, ko kallo kawai zai yi ko zai gabatar, ko yana buƙatar fayil ko bidiyo bayan taro, da ranar da za a cire shi. Ana gobe taro ku kira baƙo ɗaya ku yi gwajin minti 5 da ainihin linkin, a kan na'urar da zai yi amfani da ita.

In duk da haka ranar ta zo ƙofa na rufe, ku fitar da shafukan da ba su da bayanan sirri a matsayin PDF, da izinin shugaban sashe, ku aika wa baƙon ta imel, ku kira shi a waya ku sa a lasifika kusa da mai gabatarwa. Mai magana ya riƙa faɗin lambar shafi duk sanda ya juya, shi kuma yana bi daga can.